Baƙaƙen Wayoyi Biyu da Shanun Baffa

Ni mai hoto ne, ba mai gyara ba. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya karanta abin da ke tafe ya kinkimo mini matacciyar kwamfutarsa. Shagona yana Gusau, a wani layi da ke bayan tasha. Kafin makon da zan ba da labarinsa, abin da na sani game da cikin kwamfuta bai wuce cewa akwai fanka a ciki ba, shi ma don ina jin kukanta ne.

Tawa irin ta tebur ce, mai akwati a ƙasa. Duk hoton da na ɗauka tun da na koma kyamarar zamani yana cikin faifan ajiyarta, na biki da na suna da na saukar karatu. Ko kwafi ɗaya ban ajiye a wani wuri ba. Kullum cewa nake sai gobe.

A cikin hotunan nan akwai na shanun Baffa. Baffa Bafulatani ne, aminin mahaifinmu, rugarsu tana can bayan Furfuri. Tun muna yara nononsu muke sha, geronmu suke ci. Shekara biyu kafin wannan magana ya kira ni sunan jikarsa. Na ɗauki mai jego, na ɗauki jaririya, ina shirin zama in ci tuwo sai ya ja hannuna ya ce hoton mutane ya isa haka, in zo in ɗauki shanu. Ɗaya bayan ɗaya fa. Ya riƙe ƙaho, ya juyo mini kunnen da tsagar gidansu take, ni kuma ina durƙushe cikin kashin shanu da sabuwar shaddata. Da na gaji na ce, "Baffa, wai su nawa ne, in san ko batir zai kai?"

Ya dube ni kamar na zagi uwarsa. "Ba a ƙidaya su, ɗana. Sanin su ake yi."

Daga baya na gane a wajensu faɗin adadin dabba da baki tamkar kiran ƙarewarta ne. Na dawo Gusau na zaɓi hoto guda na kowace saniya, wanda kunne ya fito sosai, na zuba su a folda ɗaya, na wanke masa na aika.

Abin da ya biyo baya ba sai na ja shi ba, kowa a ƙasar nan ya san irinsa. Ɓarayi suka kore garken kaf. Baffa ya kwaso iyalinsa suka dawo cikin Bungudu da kayan jikinsu, hotunan da na wanke masa suka salwanta tare da bukkarsa.

Wata Litinin da hantsi ina zaune a ƙofar shago sai ga shi da sandarsa. Ya rame, amma idonsa na haske. Ya ce an ƙwato wasu shanu an tara su a Tsafe, an ce duk mai dabba ya zo da shaida kafin Alhamis ta wuce, bayan nan za a ɗauke su zuwa wani wuri. Shi kuwa ba takarda, ba komai, sai hotunan da ke wajena.

Matsalar ita ce kwana uku ke nan kwamfutar tana a mace. Janareton da muke haɗaka da shi a layi ne ya turo wuta fiye da kima, na ji ɗas, sai warin ƙuna. Wanda ya duba mini ya ce fawafak ne ya ƙone, wato akwatin ƙarfen nan da ke karɓar wutar bango ya tace ta ya rarraba wa kayan ciki. Ya ce sauran kayan wataƙila suna da rai. Kalmar wataƙilar nan ita ta hana ni sakewa.

Wani zai ce me ya hana in cire faifan in kai wata kwamfutar. Na yi wannan tunanin. Amma a faifan nan akwai amaren mutane ba mayafi, akwai matan da mazajensu suka amince da ni kaɗai na shiga ɗaki na ɗauka. In na jona shi a na'urar wani, ban san abin da za a kwafa a bayan idona ba. Na ce wa Baffa ya koma Bungudu, zan zo masa da hotuna. Ban gaya masa ba cewa ko ni ban san ko suna nan ba.

Na nufi wajen wani Alhaji mai kayan kwamfuta na gwanjo, ɗauke da ƙonannen fawafak ɗin a leda. Nawa tsohon yayi ne, wayoyi sun fito daga cikinsa cunkus, ja da rawaya da baƙi, duk a manne. Alhaji ya sauko mini da wani daga kanta, baƙi wuluk, mai nauyi. Na juya shi gaba da baya. Ko waya ɗaya babu a jikinsa, sai ramuka jere a gefe guda.

Na ce, "Alhaji, wannan ai an yi masa ƙwal-kwabo. Ina wayoyin?"

Ya yi dariya ya ce na zamani ke nan. Wayoyinsa cirewa ake yi. Wadda kake bukata ita kaɗai za ka soka, sauran ka ajiye, cikin akwati ya samu iska, ƙura ta rasa wurin maƙalewa. In ɓera ya ci guda, ita kaɗai za ka canza. Gaskiya abin ya burge ni. Na daɗe ina leƙa ramukan nan ina tunanin wane mai wayo ne ya zauna ya ƙirƙiro wannan, da kuma abin da ya hana a yi shi haka tun farko.

To Alhaji yana da wata al'ada. In kaya suka iso, sai ya zare wayoyin duka ya zuba a buhu guda, akwatunan kuma ya jera su a kanta don su yi kyan gani. Haka kowa ke yi da wayar rediyo da ta dutsen guga da ta caja, kuma ba a taɓa jin ta kashe kowa ba. Ya zura hannu a buhun ya zaro mini babba mai faɗin kai, da wata matsakaiciya, da biyu na faifan ajiya, ya ce in riƙe ɗaya ko da tsautsayi. Duk baƙaƙe. Ya soka kowace a raminta, kowace ta ce ƙyas ta zauna daram.

Aikin hoto ya koya mini kallon ƙananan abubuwa. Da na haɗa kawunan wayoyin faifan biyu, sai na ga kowanne ƙofa shida gare shi, biyar da ƙarfe a ciki, ɗaya fanko. Amma fankon wannan a kusurwa yake, na waccan kuma a tsakiya. Na nuna masa.

Ya ce, "Malam mai hoto, waya ai waya ce. In ta shiga, tasa ce."

Na karɓi maganar don ita nake so in ji. Na koma shago na ɗaure sabon a mazaunin tsohon, na bi duk inda na cire na mayar. Cikin biyun nan na zaɓi mai tsawo na jona wa faifan, don ta fi kwanciya da kyau. Na yi bisimilla na danna makunnin bango. Shiru. Ba wutar gari, janareto kuma yana wajen bakanike tun ranar da ya yi ɓarna. Ranar na yi masifa har mai ɗinkin hula na kusa da ni ya leƙo ya tambaya ko lafiya. Ina so a rubuta wannan a sarari: ba hankalina ne ya hana ni kunna kwamfutar nan ba, rashin wuta ne.

Washegari da sassafe na rungumi akwatin a cinya cikin motar Bungudu, ƙonannen da ragowar wayar suna cikin leda. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana da rumfar gyara a can, kuma yana da sola da batura, wutarsa ba ta yankewa. Da rediyo ya fara tun ina goye, ya koma talabijin, yanzu har fitilun sola. Mutum ne mai sanyin jiki da zai iya sa mai azumi ya fasa kuka. Niyyata in ari soket ɗinsa na minti goma kawai.

Na tarar Baffa, da na aika wa ya same ni a can, ya riga ni, yana zaune a benci ya dogara haɓa a kan sanda. Bayan gaisuwa na jawo wayar wuta zan soka, Kawu ya dafe soket da tafin hannu.

"Mi ne ne wanga baƙin abu a ciki?"

Na yi masa bayani da alfahari, kamar ni na ƙera shi.

"Ka gwada shi?"

"Ai gwajin ke nan zan yi, Kawu."

"A kan shanun mutane za ka yi gwaji? Kwance shi."

Raina ya ɓaci, amma ba a musu da kawu a gaban baƙo. Na kwance. Ya ɗauki fawafak ɗin ya auna nauyinsa a hannu, ya ɗauki tsohon a ɗaya hannun, ya gyaɗa kai. Ya ce a kayan wuta nauyi alamar ba a yi rowar ƙarfe ba ne. Ya girgiza shi kusa da kunne ko wani abu na yawo a ciki. Ya kai hancinsa bakin fanka ya shinshina, ya ce bai taɓa ƙonewa ba. Ya sa tabarau ya karanta lambobin da ke jikin takardar gefe, ya tambaye ni abin da ke cikin kwamfutar, ya ce ƙarfinsa ya ishe ta har da ragi. Duk wannan ina tsaye ina duba agogo.

Daga nan haushina ya fara komawa son sani. Ya lanƙwasa ɗan guntun ƙarfe, ya ƙirga ƙofofin babbar wayar da bakin allura yana gwadawa da ta tsohon, ya haɗa biyu daga ciki. Ya ce haka ake yaudararsa ya tashi ba tare da kwamfuta ba. Ya ba shi wuta. Fanka ta juya sau biyu ta tsaya cak.

Na ce, "Shi ke nan, matacce Alhaji ya sayar mini."

Kawu bai kula ni ba. Ya ɗora tsinken mitarsa, lamba ta fito, sha biyu da ɗan ɗigo. Ya ce da ransa. Ya jawo ƙwan fitilar mota ya jona, ƙwan ya kama fal, ya ƙara na biyu, lambar ba ta ko motsa ba. Sai da ƙarfen ya ɗan ɗumama sannan fankar ta tashi da kanta, a hankali, ba ƙara. Ashe irinsu ba sa wahalar da fanka sai sun ji zafi. Kawu ya kalle shi da wani irin girmamawa ya ce, "Wanga ya hi ka hankali. Ba ya gudu sai da dalili."

Baffa ya yi dariyarsa ta farko tun da ya zo.

Na ce to tunda lafiyarsa lau a mayar. Kawu ya ce akwatin ya ci jarrabawa, saura wayoyin. Abin da ya dame shi shi ne baƙinsu. A tsohon yayi launi ke gaya maka komai: rawaya wuta sha biyu, ja wuta biyar, baƙi ƙasa. Waɗannan kuwa an yi musu riga iri ɗaya don ado. Ya shimfiɗa kan wayar faifai ta ƙonannen a tebur, ya ajiye sabuwar a gefenta, kai da kai, yadda kowane baƙin zare yana daidai da mai launin da ya kamata ya zama. Sai ya ɗauki allurar ɗinki yana huda rigar kowane zare yana ɗora mita.

Ya fara da gajeriyar, wadda na bari a leda. Inda rawaya take, sha biyu. Inda ja take, biyar. Ya ce madalla.

Ya karɓi doguwar, wadda na zare daga jikin faifan da hannuna ɗazu. Ya huda inda ja take. Ya daɗe yana kallon mitar, sannan ya juyo mini da ita. Sha biyu.

Na ce ko mitar ce ta rikice. Ya sake, sha biyu. Na ce to ai ta shiga ramin daidai, har ƙyas ta yi. Ya ce kama da wane ba ta wane. Bakin da ke shiga faifai iri ɗaya ne a duk duniya, amma bakin da ke shiga akwatin wutar kowane kamfani da yadda yake jera nasa. Ramin ɗaya, abin da ke bayan ramin daban. Wannan wayar ta wani akwatin ce, a buhu suka haɗu.

Ni dai ban yarda ba, kuma na faɗa. Taurin kai gadonmu ne ta wajen uwa, shi ma ya sani. Ya tona tarkacensa ya zaro wata tsohuwar na'urar faifan sidi, ya jona ta da gajeriyar, ƙofarta ta buɗe ta rufe. Ya canza ya sa doguwar ya ba da wuta. Ko ƙiftawar ido ba a yi ba na ji ɗas, wani siririn hayaƙi ya fito ta gefe, da warin nan da na sani.

Na zauna a kan wani mataccen talabijin. Jiya war haka yatsana yana kan makunni, wayar nan tana jikin faifan. Na ji tsoro irin wanda ban ji ba ranar da kwamfutar ta mutu, na kuma ji kunya, domin mutumin da na kusa hallaka wa shaida yana zaune taku biyu daga ni bai ma sani ba.

Ashe ya fahimta. Baffa ya nuna doguwar da sandarsa ya ce, "Wannan ba uwarta ba ce aka kai ta, ko?"

Kawu ya ce, "Awo."

Ya sa almakashi ya datse ta gida biyu don kada wani ya tsinta. Bai bar ni na taɓa komai ba sai da ya bi sauran wayoyin zare-zare, muka yi azahar muka dawo yana yi. Wannan karon ban duba agogo ba, ni ke riƙe masa allura ina tambayar wannan fa, wancan fa. La'asar ta kusa sannan ya ce in kunna.

Ta tashi. Na ji ɗan kukan faifan yana juyawa, ban taɓa jin sauti mai daɗinsa ba. Na buɗe foldar, shanu suka cika allon talabijin ɗin da Kawu ya jona mana. A can ƙasa, a kusurwa, kwamfuta ta rubuta adadin hotunan da ke ciki, kamar yadda takan yi. Idona ya riga ya gani. Na yi maza na jingina kwalin ashana a wurin.

Baffa ya matso har hancinsa na neman taɓa gilashi. Yana faɗin wannan 'yar wacce ce, wannan ita ta haifi wancan, wannan ba ta son a tatse ta ta hagu. Ba wanda ya katse shi.

Laraba na wanke hotunan a Gusau, na kuma kwafe faifan gaba ɗaya a wuri biyu, goben da nake ta faɗa ta zo. Na biya wajen Alhaji da guntayen wayar. Ya yi salati, ya zazzage buhun a ƙasa ya tsaya yana kallon tulin, bai san ta inda zai fara ba. Ban yi masa faɗa ba, don ni ma da na ga bambancin da idona ai sokawa na yi.

Alhamis da safe muka isa Tsafe ni da Baffa. An tara shanun a wani fili mai katanga, duk sun rame, ƙasusuwa a waje. Mutane da yawa, kowa na leƙe. Baffa bai buɗe ambulan ba. Ya shiga cikinsu a hankali yana wani ɗan sauti da harshe, ya zagaya sau biyu, ya fito da uku: fara mai karyayyen ƙaho, da ja, da wata tsohuwa. Sannan ya zo teburin jami'in da ke karɓar shaida ya zaro hotonsu ba tare da ya yi lalube ba. Jami'in ya duba hoto, ya je ya kama kunne ya duba tsaga, ya dawo ya sa hannu. Wani mutum da ya fara cewa farar tasa ce ya ga hoton, da Baffa riƙe da ƙahon, ya juya ya tafi.

Akwai ɗan maraƙi da Baffa ya ce na farar ne. Ba shi a hoto, ba a haife shi ba lokacin, kunnensa kuma ba tsaga. Jami'in ya ce ba shaida. Baffa ya roƙi a kwance shi kawai. Aka kwance, ya ratsa shanun nan duka ya je ya cusa kai ƙarƙashin farar, ita kuma ta juyo tana lasarsa. Jami'in ya ƙara layi ɗaya a takardarsa.

Aka riƙe hotuna ukun a fayil. Muka samu motar da za ta kai dabbobin Bungudu, muka zauna a gindin wata bishiyar bedi muna jiran direba. Baffa ya fito da ambulan ɗin. Cire uku bai rage masa kauri ba. Bai buɗe ba, ya ɗora shi a tafin hannu yana jin nauyinsa.

Can ya ce, "Ɗana, abin da ka rufe da kwalin ashana shekaranjiya. Na'urarka ta ƙidaya su, ko?"

Na ce, "Ta ƙidaya, Baffa."

Ya zura ambulan ɗin a aljihun ƙirji ya danne da hannu. "To kada ka faɗa mini."

Ban faɗa masa ba har ya bar duniya, kuma ba zan rubuta shi a nan ba.